Goron da Ba a Yanke Masa Launi Ba

A Fulatan, in an shafa fatihar ɗaurin aure, sai rabon goro. Dattijo ya ɓare guda, ya miƙa wa amininsa ɓari ɗaya, ya jefa ɗayan a aljihu. Wannan ya kama hanyar Rogo, wancan ya nufi Karaye. Da na Rogo ya ga nasa fari ne, ba sai ya buga waya ba, ya san na Karaye ma fari ne.

Haka masana suke ɓare haske. Sukan harba leza mai tsawon zango nanomita 405 cikin wani ɗan kiristal, sai ƙwayar haske ɗaya ta tsage biyu, kowace mai nanomita 810, kowace da rabin ƙarfin uwarta. Ba kowace ƙwaya ke tsagewa ba. Miliyoyi kan wuce salin alin kafin a dace da guda. Shi ya sa ake tsara cikin kiristal ɗin kamar kunyoyin gona, a juya fuskar wannan layi sama, na gaba ƙasa, da tazarar da ba ta kai kaurin silin gashi ba. Dalili kuwa irin na lugude ne: in taɓare suka saɓa, karo za su yi, in suka jitu, daka ya yi sauri.

Tagwayen da suka fito a ɗaure suke da juna. In aka auna ɗaya aka same ta tana kaɗawa a tsaye, 'yar'uwarta a kwance za a same ta, komai nisa. A 2017 tauraron ɗan'adam Micius na ƙasar Sin ya raba irinsu tsakanin Delingha da Lijiang, kilomita 1,200, ɗaurin bai kwance ba.

Amma a nan goro ya gaza. Shi tun yana cikin huhu farinsa yake. Einstein ya zaci haske ma haka yake, a 1935. John Bell ya kawo hanyar gwaji a 1964, gwaje-gwajen Clauser da Aspect da Zeilinger kuma suka nuna tagwayen ba su ɗauko amsa a ƙunshe daga gida ba, sai lokacin awo take fitowa. Wannan ya ba su ukun nan kyautar Nobel a 2022.

Amfanin wannan ɗauri, ana ƙulla makullin sirri da shi, domin duk wanda ya leƙa a hanya sai ya bar sawu. Goro dai ya raka mu har bakin ƙofa, ciki kuwa sai lissafi.