Kunnen mace da kunnen namiji: abin da bincike ya gano, da abin da ya rage wa Kurfai

Akwai ƙorafi biyu da suka daɗe a gidajen Filinge da ƙauyukan Kurfai. Mata na cewa maigida sai an nanata masa magana kafin ya amsa. Maza kuma na cewa ko raɗa aka yi a zaure, uwargida za ta tsinta daga madafa. Kowane ɓangare na ɗaukar abin a matsayin hali: wannan raini, wancan sa ido. Masana sun auna lamarin, kuma sakamakonsu ya rarrabe abin da aka haife mu da shi da abin da muka jawo wa kanmu.

A 1978 masanin Ingila David Kemp ya nuna cewa sashen can cikin kunne, mai siffar katantanwa, yana mayar da wata 'yar amsa idan sauti ya shige shi. Da wannan amsa ake gwada jin jarirai a yau. Dennis McFadden na Jami'ar Texas da wasu masana sun tarar cewa amsar ta fi ƙarfi a kunnen mata, tun suna cikin zanen goyo. A 2025 ayarin Patricia Balaresque daga Tulus ta Faransa ya gwada mutum kimanin 450 a Ekwado, Ingila, Gabon, Afirka ta Kudu da Uzbekistan, ya ga mata sun ɗara maza kaifin ji da kusan desibel 2 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Bambancin gaskiya ne, amma ƙarami ne ƙwarai, da kyar mutum zai lura da shi a hirar yau da kullum.

Babbar tazarar tana zuwa ne da shekaru. Wani dogon binciken tsufa da aka yi a Baltimo ta Amurka ya bayyana a 1995 cewa jin maza na raguwa da saurin da ya ninka na mata fiye da sau biyu, kuma yana somawa tun wajen shekara 30. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f". Mai wannan matsala yana jin murya sarai, kalmomin ne ke cuɗe masa, musamman in ana hayaniya. Dattijon da ake zargi da share iyalinsa, mai yiwuwa rabin maganar kawai ke isa gare shi, kuma girman kai ko kunya ba za su bari ya ce a maimaita ba.

Sana'a na da hannu a ciki. Dubi mai injin niƙa da ke yini kusa da ƙara, da mai walda, da ɗan kabu-kabu, da yaran manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Filinge da Yamai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako. In ƙarar ta ƙaru da desibel 3 kacal, lokacin ya ragu da rabi. Ƙwayoyin ji da ƙara ta kashe ba sa sake tsirowa. 'Yan matan da ke jiran garin gero a bakin inji su ma suna shan rabonsu.

To, mayar da hankali fa? A 2000 Joseph Lurito na Jami'ar Indiyana ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu maza da mata suna sauraren karatun littafi. Yawancin mazan sashen hagu ne ya fi aiki, matan kuwa sassan biyu. Jaridu suka yi ta yayata cewa namiji da rabin ƙwaƙwalwa yake saurare. Amma a 2004 Iris Sommer da abokan aikinta a Holan suka tattara bincike da dama irin wannan, ba su ga tabbataccen bambanci ba. A 2011 kuma masana a Jamus suka tarar maza sun ɗan fi iya gano inda sauti ya fito a cikin hayaniya, irin ta kasuwar Filinge ranar Lahadi. Ashe ba wanda ke da hujjar fakewa da halitta.

Sauraro horo ne. Uwa na daka tana bibiyar numfashin ɗanta da ke ɗaki, domin nauyin yana wuyanta. Makiyayin Tukunus na rarrabe kukan saniyarsa a tsakiyar garke saboda wannan dalilin. Kunne yana kaifi ne a inda mutum ya sa zuciyarsa. Nijar ta daɗe da sanin haka: tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo, kuma daga 2009 kulob-kulob na Dimitra, da tallafin hukumar abinci ta FAO, suka bazu a jihohin Tilaberi da Doso. Mata na zamansu, maza na nasu, sannan a haɗu a gaban gari kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa. Hikimar tsarin ita ce bai jira namiji ya canza halitta ba, wuri da lokaci ya tanadar masa.

Kurfai ta taɓa nuna hanya a fagen kare kunne. A Satumban 2010, gundumar Filinge ce ta fara karɓar allurar MenAfriVac ta rigakafin sanƙarau a Nijar, cutar da ke bar wa wasu da suka tsira kurumta ta har abada, mace ko namiji. Irin wannan himmar ake bukata yanzu. Yaron da kunnensa ke mugunya a kai shi likita, a daina tura masa tsinke. Mai inji ya sayi abin toshe kunne kamar yadda yake sayen mai. Uwargida ta fuskanci maigida in za ta faɗi magana mai muhimmanci, a rage rediyo. Maigidan da ya haura 50 ya je a gwada jinsa. In an ce lafiya lau, to ya san gyaran da ya rage nasa ne.