A Kai Wa Yara

A Zangon Agege da ke Legas, idan aka tashi daga walimar aure, akwai ɗan lokacin da ido ke aiki baki na hutawa. An ci an sha, malam ya shafa fatiha, kowa na laluben takalminsa. A teburin manya kuwa ga kwalbar ruwan inabi marar barasa, irin su Eva, an sha rabi an bar rabi, ga cinyoyin kaza biyu da ba a taɓa ba. Kowa ya gan su, amma babu mai miƙa hannu.

Wannan nauyin hannu daga gida aka zo da shi. A Kano ko Katsina, baƙon kirki ba ya suɗe kwano, sai ya rage ɗan wani abu, abin da ake kira barin ladabi. Ragowar nan tana da masu ita tun kafin a rage ta: yaron da ya kawo kwanon, almajirin da ke sallama a ƙofar gida, in kuma tuwo ne ya kwana, ya zama ɗumamen safe. Wanda ya ci ya ƙoshi, sannan ya ƙulle saura ya tafi da shi, rabon wani ya ɗauka. Ba za a ce masa komai ba a gabansa. Bayan ya fita ne za a ce, "Wane dai akwai kwaɗayi."

To amma Agege ba Kano ba ce. Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa da yawa a nan, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano kuma ya ƙara buɗe hanya. Jikokinsu sun tashi suna jin Yarbanci kamar ruwa, suna zuwa owambe, wato bukukuwan maƙwabtansu Yarbawa. A can kuwa guzurin komawa gida yana cikin lissafin biki tun farko. Mai biki na tanadar robobin tekawe, mace ta zo da babbar jaka, ta karɓi nata, ta tambayi na maigida, ba wanda zai ɗaga ido. Matan Hausawa sun daɗe da karɓar wannan, kuma a ganina sun yi daidai, don shinkafar da aka dafa da tsadar Legas ba ta cancanci bola ba. Maza ne har yanzu ke fama da kunya.

Dabarar da aka samo ita ce, ba a ɗauka, sai dai a ba ka. Nauyin ya koma kan mai gida. Shi ne zai sa a ƙulle, ya biyo baƙo har bakin titi.

"Alhaji, ga wannan a kai wa yara."

"Haba Malam, ai mun ƙoshi, wallahi ka bar shi."

"Ai ba kai na ba wa ba, na 'ya'yana ne."

Da an ambaci yara magana ta ƙare, ko da kuwa autan Alhaji yana jami'a. Kuma ba shi zai riƙe ledar ba. Wani yaro ne zai bi shi da ita har mota, a sallame shi da ɗan tukuici.

Kwalba tana da nata hukuncin. Wadda ba a fasa ba, ta babban da ke teburin ce ko ta malamin da ya yi addu'a. Wadda aka buɗe ba a bai wa mutum mai daraja, ana barin ta ga masu rabon abinci da yaran da za su kwance rumfa. Wadda aka kafa wa baki kuwa ba a ma zancenta. Ko wadda aka bayar ɗin, sai an naɗe ta a baƙar leda, domin sifarta ba ta da maraba da kwalbar giya, kuma ba kowane mai wucewa ne zai tsaya karanta rubutun jikinta ba kafin ya kai labari masallaci.

A gidan abinci, inda kuɗi ya shiga, kunyar kan sassauta. Direban da ya sauka a tashar Ojota, ko mai albasa daga kasuwar Mile 12, in shi kaɗai ya ci ya rage, zai ce "sa min a leda" ba tare da ya waiga ba. In wani ne ya biya masa, ba zai buɗe baki ba. Ragowa ta mai biya ce, shi ma sau da yawa tura ta yake gaban ƙaramin cikinsu. Tsire da balangu ne kawai ba su san wannan doka ba, tun asali a takarda ake naɗe su, kuma wanda ya shiga gida da ƙunshinsu tsaraba ya kawo.

Ba mu kaɗai ke da wannan jin nauyi ba. Faransawa ma sun daɗe suna ganin ƙasƙanci ne a fita daga gidan abinci da ƙunshi, har sai da doka ta wajabta wa masu gidajen abinci, daga Yulin 2021, su ba da mazubi ga duk wanda ya nema. A Legas kuwa dokar ta biyo ta wata fuskar: a Janairun 2024 gwamnatin jihar ta haramta farar robar nan mai kama da soso da ake zuba tekawe a ciki, wadda ke toshe magudanan ruwa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta jujin Olusosun a Ojota ya san inda tarkacen bukukuwanmu ke ƙarewa.

Su Hajiya dai ba su rasa mafita ba. Wata na ajiye 'yar kula a ƙasan jaka, ƙarƙashin mayafi, ba za ta fito da ita ba sai uwar biki ta ce, "Yaya, ina kwanonki?" Sai ta ce ai ba ta zo da komai ba, hannunta kuma ya riga ya shiga jakar.