Yaron Sakkwato Mai Zanen Motoci

Duk wanda ya ratsa lungunan Karmo, a nan Abuja, da yamma ba zai rasa ganin yaro yana tura motar gwangwani ba, tayoyinta na tsohon silifas, sitiyarinta na waya. In na ga irin wannan yaro, sai Jelani Aliyu ya faɗo mini a rai.

An haifi Jelani a Kaduna a 1966, amma Basakkwace ne, kuma a Sakkwato ya tashi. Tun yana ƙarami hankalinsa yana kan zanen motoci. A gidaje da makarantu da yawa wannan shi ake kira shiririta, a ƙwace takardar, a ce yaro ya je ya yi karatu. Shi kam Allah ya taimake shi. A Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, hannun nan nasa ne ya ciyo masa kyautar ɗalibin da ya fi kowa a darasin zanen fasaha. Ba ƙaramin abu ba ne makaranta ta nuna wa yaro, a gaban jama'a, cewa abin da ransa yake so yana da daraja.

Ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sashen zanen gine-gine, bai daɗe ba ya baro ta, ya koma kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi. A idon mutane wannan koma baya ne, wa yake barin jami'a? Amma a 1988 ya fito shi ne gwarzon ɗalibai, sannan ya kama aiki a ma'aikatar ayyuka ta Jihar Sakkwato.

A 1990 ne labarin ya juya. Hukumar tallafin karatu ta Jihar Sakkwato ta ɗauki nauyinsa zuwa Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, don ya koyi zanen mota a College for Creative Studies. A nan nake son mai karatu ya ɗan dakata. Ba likitanci ba ne, ba lauya ba, ba ɗaya daga cikin fannonin da aka saba kashe wa kuɗin gwamnati ba. Zane ne. Wasu mutane ne a ofis suka duba takardun saurayin nan, suka yarda baiwarsa ta cancanci dukiyar jama'a, suka sa hannu. A ganina, su ma jarumai ne a labarin nan.

Ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Ya yi aiki har a Jamus da kamfanin Opel. A 2007 aka yaye lulluɓin samfurin Chevrolet Volt, mota mai amfani da lantarki, a bikin baje kolin motoci na Detroit, duniya ta ji cewa zanen ɗan Sakkwato ne. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a nan Abuja. A zamaninsa ne, a 2021, aka buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a garin da ya fara riƙe fensir.

Yaran Karmo ba su yi nisa da taimako ba. Akwai makarantar masu baiwa ta tarayya a Suleja, akwai wata a Gwagwalada, kuma ta jarrabawa ake shiga. Sai dai jarrabawa ba ta zuwa lungu neman yaro, sai wani babba ya lura da shi, ya yanka masa fom.

Malamin aji, idan ka kama ɗalibi yana zane a bayan littafinsa, kafin ka ɗaga bulala ka dubi abin da ya zana, ka kira iyayensa ka nuna musu.