Fijo 504: a ƙara mata giya ta biyar ko a canja mata bak-aksil?

Yau za mu ɗan ajiye maganar aikin yi da zaɓe, mu shiga gareji. Wani mai sauraro daga yankin Roni ya aiko min da tambaya. Mahaifinsa ya bar masa Peugeot 504, Fijo dai, mai giya huɗu, kuma ita yake so ya tayar ya riƙa neman abinci. Ya ce idan ya hau titin Kano ya kai gudu ɗari, injin sai ya kama kururuwa, mai kuma yana tafiya kamar an huda tanki. Wani bakanike ya ce masa a sa giyabos mai giya biyar. Wani kuma ya ce a'a, a canja haƙoran bak-aksil kawai, ya fi sauƙi. Kuɗin da ke hannunsa na aiki ɗaya ne. Wanne zai yi?

Kafin wani ya ce ai wannan motar ta gidan tarihi ce, ku tuna ko wace ce. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara ta Turai, a 1975 ta ci tseren Safari a Kenya. A 1975 ɗin nan ne kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, kuma bayan Turai ta daina ƙera 504 da daɗewa mu muka ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Salun, wagon, akori-kura, duk mun hau. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, duk mai tsohuwar mota ya zama malamin lissafi dole.

To ga yadda abin yake. Ƙarfin injin ba ya isa taya sai ya bi ta wuri biyu. Na farko giyabos, inda kake zaɓa da hannunka. Na biyu bak-aksil, inda ƙaramin haƙori yake juya babban faranti mai haƙora, kuma shi ba ka da ikon taɓa shi kana tuƙi. A salun mai injin lita biyu, furofela takan juya kusan sau 3.9 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. A giya huɗu injin da furofela tafiyarsu ɗaya, juyi ɗaya da juyi ɗaya. Taya mai inci 14 irin tata, a gudun kilomita 100, tana juyawa wajen sau 850 a minti. Ka ninka da 3.9, ka samu kusan 3,300. Wannan ita ce kururuwar da abokinmu yake ji tsakanin Kazaure da Kano.

Giya ta biyar ita Turawa suke kira overdrive, ma'ana furofela ta fi injin saurin juyawa. A da ma na'ura ce daban da ake ɗaurawa a bayan giyabos, irin ta Laycock ta Ingila da aka sa wa Volvo da Triumph, kana kunna ta da ɗan maɓalli. Daga baya aka mayar da ita cikin akwatin. Mu ɗauka, don misali, giya biyar ɗin 0.8 ce. Juyin injin zai sauko daga 3,300 zuwa wajen 2,650. Amma ku lura, giya ɗaya zuwa huɗu suna nan kusan yadda ka san su. Ƙari ka samu a sama, ba a taɓa maka na ƙasa ba.

Yanzu ɗaya hanyar. Ka cire haƙoran 3.9 ka sa na, mu ce, 3.3. A giya huɗu injin zai koma kusan 2,800, ya yi shiru, ka ji daɗi, ka ce bakaniken nan ya iya aiki. Sai dai bak-aksil bai san wace giya kake ciki ba. Abin da ya yi wa giya huɗu shi ya yi wa giya ɗaya, shi ya yi wa ribas. Da can a giya ɗaya injin yana juyawa wajen sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya, yanzu ya koma wajen 12. Ka yi asarar kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin turi a taya, a kowace giya, kullum, ko kana so ko ba ka so.

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ƙasarmu take shigowa cikin lissafin. Mutumin da ke rubuta shawara a Amurka ko Jamus, motarsa ta ranar hutu ce, shi da matarsa a kan kwalta sumul. Mu fa? Titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure shimfiɗaɗɗe ne, a nan doguwar giya tana da daɗi. Amma da zarar ka sauka ka nufi ƙauyukan Gwiwa ko Roni, ga duwatsu, ga gangare da hawa, ga kwazazzabon da damina ta tona. Ka yi arewa ta Babura wajen iyakar Nijar, rairayi ne yake jiranka. Sannan wa ya taɓa ganin Fijo ta je kasuwa da mutum biyu? Buhun gero ne, buhun riɗi ne, akuya a but, fasinja huɗu a baya. Motar da aka rage wa giya ɗaya, idan ta tsaya da wannan kaya a cikin yashi, direba ba shi da dabara sai ya taka totur ya riƙe kuloci rabi-rabi. Wannan warin ƙauri da za ka ji, farantin kulocinka ne yake cinyewa. Abin da ka rage a gidan mai sai ka kai shi Ƙofar Ruwa.

Akwai kuma abin da masu cewa a canja bak-aksil ba sa faɗa. Sauko da juyin injin ba kullum yake rage shan mai ba. Injin 504 bai kai ƙarfin doki ɗari ba, kuma da kafireto yake aiki. Idan giya ta yi masa tsawo, ga kaya, ga iskar hunturu tana bugo ka ta gaba, za ka ga kana nutsa ƙafa har ƙasa don kawai ka riƙe gudunka. A wannan halin kafireto ƙara mai yake, injin yana nishi yana ɗaukar zafi. Mai giya biyar sai ya dawo huɗu abinsa, motar ta koma yadda Faransawa suka tsara ta. Wanda ya canja bak-aksil sai dai ya faɗo uku, inda kururuwar ta fi ta da.

Sai agogon gudu. Daga giyabos yake karantawa, saboda haka idan an canja haƙoran baya zai riƙa nuna maka 85 alhali kana 100. Ka shigo gari da wannan ƙaryar, ga 'yan makaranta a bakin titi. Haka masu sa manyan tayoyi don motar ta ɗaga, su ma tsawaita giya suke yi ba su sani ba, kuma idan aka haɗa da sabon bak-aksil, asarar ta zama biyu.

Ba na cewa giya biyar kyauta ce. Ta fi tsada, kuma ba a ɗauko akwati kawai a ɗaura. Ya fi na giya huɗu tsawo, don haka furofela da bututunta da mazaunin akwatin dole su zo daidai. Shi ya sa ya fi a sayi saitin gaba ɗaya daga mota ɗaya, 504 ta baya-bayan nan ko 505, maimakon a yi ta yanka da walda. Ɗan beljiyam ne za ka samu, to a buɗe shi a gabanka, a zubar da mansa a duba ko akwai garin ƙarfe, a juya shi da hannu a kowace giya. Shi ma bak-aksil ɗin ba sauƙin da ake faɗa ba ne. Ƙafar bayan salun daban take da ta wagon da akori-kura, ba sa shiga juna haka kawai, kuma haƙoran nan idan ba a saita tazararsu daidai ba, wata ɗaya za su fara kuka.

Wa doguwar bak-aksil ta dace da shi? Mai salun da ya ajiye don sha'awa, ba ya ɗaukar kaya, ba ya sauka daga kwalta. Akwai irinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Amma abokinmu na Roni abinci yake nema, don haka ni dai giya biyar na ce masa.

Na kuma ce kada ya fara da ita. Ya fara biyan ɗan kuɗi a wanke kafireto a saita, a duba fulogi da tayimin, a auna iskar taya, a tabbatar birkin baya ba ya kamawa. Sai ya cika tanki, ya rubuta kilomita, ya je Kano ya dawo da irin kayan da zai riƙa ɗauka, ya sake cikawa ya ga lita nawa ta sha. Da wannan lambar zai lissafa zuwa nawa zai yi kafin giyabos ya biya kuɗin kansa. Idan yawancin aikinsa tsakanin ƙauye da kasuwa ne, inda ko gudu saba'in ba ya kaiwa, giya biyar ɗin ma ba zai shiga ba, gara ya sa kuɗin a tayoyi da lagireto.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.