Tabarau na zamewa idan ka sunkuya kan waya? Ga yadda za ka gyara shi a gida

Idan tabarau ɗinka na sulluɓowa zuwa ƙarshen hanci duk lokacin da ka sunkuya kan WhatsApp ko TikTok, kada ka raina matsalar. Gilashin da likita ya rubuta an yanka shi ne yadda tsakiyarsa za ta dace da ƙwayar ido. Da zarar firam ya karkace, sai ido ya riƙa wahala, ciwon kai ya biyo baya.

Ga mazaunin Ruwan Godiya a ƙaramar hukumar Faskari, zuwa Funtua saboda ɗan sukuru guda na nufin kuɗin mota da ɓata yini, ga kuma fargabar hanya. Yawancin irin wannan gyaran kuwa ana iya yin sa a ɗaki.

Fara da wayarka. Buɗe kyamarar gaba, kunna layukan da ke raba allo gida tara, ka miƙe kai ka ɗauki hoto. Layukan za su nuna maka ɓangaren da ya yi ƙasa. Taɓa shi da yatsa don ka tabbatar, saboda kyamarar gaba tana juya dama zuwa hagu. Sai ka ɗan lanƙwasa hannun tabarau na wannan ɓangaren zuwa ƙasa, gilashin zai ɗago.

Idan zamewa yake yi, duba sukurorin mahaɗa tukuna. Ƙaramin sukudireban masu gyaran waya yakan shige su. Ɗaura a hankali, don haƙoransu na saurin cinyewa.

Firam na roba sai da ɗumi. Tsoma ƙarshen hannun kaɗai a ruwa mai ɗumi, wanda yatsa zai iya jurewa, na daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan ka ƙara lanƙwasa shi kaɗan yadda zai kama bayan kunne. Na ƙarfe kuwa, matso da 'yan robobin karan hanci kusa da juna idan kana son ya hau sama, ka buɗa su idan yana matse ka.

Abubuwa uku ka kiyaye. Kada zafi ya taɓa gilashin, domin yana tsattsaga rufin da ke hana ƙyalli. Shi ya sa ajiye tabarau a gaban mota cikin rana ke lalata shi. Kada ka sa sufa gulu, yana bar wa gilashi tabon da ba ya fita. Kuma kada ka yi wa firam marar baki ƙarfi, gilashin ne zai tsage a wajen sukuru.

Idan firam ya daidaita amma har yanzu kana gani dishi-dishi ko kai na ciwo, awon ido kake buƙata. Nemi sashen ido a asibiti mafi kusa, ko manyan cibiyoyi irin su Asibitin Ido na ECWA da ke Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.