Rumbunan sunayen intanet: Ina haɗarin yake?

Idan ɗalibi ya zauna a shagon kwamfuta a Gantsa, hedkwatar ƙaramar hukumar Buji ta jihar Jigawa, ya rubuta fud.edu.ng domin duba ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ta ba shi gurbin karatu, kwamfutar ba ta zarcewa shafin jami'ar kai tsaye.

Sai ta fara tambayar wata na'ura lambar da ke bayan wannan suna, saboda da lambobi kwamfutoci ke gane junansu.

Wannan tsari na mayar da suna zuwa lamba shi ake kira DNS, kuma Paul Mockapetris ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1983.

Tambayar kan bi matakai: daga manyan rumbunan tushe masu adireshi 13, zuwa rumbun sunayen da ke ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, sannan zuwa rumbun da ke riƙe da sunan jami'ar.

Amsar ƙarya

Matsalar dai ita ce an gina tsarin ne a kan yarda, a zamanin da masu amfani da intanet ba su da yawa. Na'urar da ta yi tambaya kan karɓi amsar da ta fara isowa, muddin ta yi kama da ta gaske.

A shekarar 2008, wani masanin tsaron kwamfuta, Dan Kaminsky, ya nuna yadda za a iya cusa amsar ƙarya cikin rumbun wani kamfanin sadarwa. Da zarar ta shiga, duk wanda ya nemi shafin bankinsa ta wannan kamfani sai a kai shi shafin bogi, ko da kuwa bai yi kuskuren harafi ɗaya ba.

Wasu ɓarayin kuwa kwamfutar mutum suke bi. A 2011 hukumar FBI ta Amurka ta tarwatsa wani gungu da ya yi amfani da manhajar DNSChanger wajen karkatar da kwamfutoci kimanin miliyan huɗu zuwa rumbunansa.

Rufe ƙofa

Wani nau'in harin shi ne a yi wa rumbu ruwan tambayoyi har ya kasa amsa ko ɗaya.

Haka aka yi wa kamfanin Dyn a watan Oktoban 2016, inda aka yi amfani da dubban kyamarorin tsaro da makamantansu da aka yi wa kutse. Shafuka irin su Twitter da Netflix sun gagari jama'a da dama a Amurka, alhali na'urorinsu na aiki.

Ba kullum ne kuma ake samun hannun maƙiyi ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021, kuskuren da aka tafka yayin wani gyara ya yanke rumbunan sunayen Facebook daga sauran intanet, lamarin da ya tsayar da WhatsApp da Instagram na kusan sa'o'i shida.

Matakan kariya

Jigawa na cikin jihohin da suka fara rungumar fasahar sadarwa, tun lokacin da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse a farkon shekarun 2000. A yau neman gurbin karatu da tura kuɗi da neman aiki duk sun rataya a kan waɗannan sunaye.

Matakin farko ga duk hukumar da ke da shafi shi ne ta mallaki rumbu aƙalla biyu, a wurare daban kuma a kan layuka daban, ta yadda ɗaukewar wuta ko yankewar waya ba za ta kashe su tare ba.

Ana kuma raba rumbun da ke sanar da duniya sunan hukuma da wanda ke yi wa ma'aikata tambaya. Na biyun, idan aka bar shi a buɗe ga kowa, maharan kan mayar da shi makamin kai wa wasu hari.

Sai sabunta manhaja a kan kari, da kuma amfani da DNSSEC, wato hatimin da ke tabbatar da cewa amsa daga mai sunan ta fito. Tun watan Yulin 2010 aka sanya wa rumbunan tushe wannan hatimi, amma sai kowane mai suna ya sanya nasa kafin kariyar ta cika.

Akwai kuma batun rajista. Sunan da aka yi wa rajista da adireshin ɗan kwangila, ko aka manta ba a sabunta kuɗinsa ba, yana iya faɗawa hannun wani ba tare da an yi kutse ba.

Shi kuwa mai shago a Gantsa, abin da ke hannunsa shi ne ya sauya kalmar sirrin da na'urar rarraba intanet ta zo da ita daga kamfani, ya kuma dakata a duk lokacin da kwamfuta ta yi gargaɗin cewa takardar shaidar wani shafi ba ta inganta ba.