Maki Ɗaya a Agege, Kofi a Kaduna: Kakar da Ta Gwada Zuciyar Masu Gida

Mutumin Basirka ko na Gwaram da ya kira Kano Pillars "tamu" bai yi shisshigi ba. A 1990, lokacin da aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Pillars, babu wata jiha mai suna Jigawa. Birnin Kudu da Gwaram duk cikin jihar Kano suke. Sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa. An shata iyaka, kowa ya kama hedikwatarsa, amma kirarin "Sai Masu Gida" bai tsaya a kan iyakar ba. Har yau akwai masu kara rediyo a kunne ran wasa, a shagon tela ko a teburin mai shayi, suna jiran su ji yadda ta kaya a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

A cikin kakannin wasan wannan ƙungiya akwai guda da ta cancanci a sake duba ta da kyau, wato ta 2019. Ba a ci gasar ƙasa a cikinta ba, kamar yadda aka ci a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma a cikin kwana 48 kacal ta nuna yadda ake zubar da kofi da kuma yadda ake ɗaukarsa.

Yadda aka gajarta kakar

Rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya sa kakar 2018 ta tsaya bayan mako 24, Lobi Stars ta Makurɗi na saman teburi. Ba a kori kowa zuwa ƙaramar gasa ba, kuma huɗu suka hauro, sai ƙungiyoyi suka zama 24. Lokaci ya ƙure, ga shi ana son a miƙa sunayen wakilan Najeriya a gasannin Afirka. Sai aka raba su rukuni biyu, sha biyu sha biyu, aka fara wasa a watan Janairun 2019. Uku na saman kowane rukuni su ne za su haɗu a fili ɗaya, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, wanda ya fi maki ya ɗauki kofi.

Daga rukunin farko Rangers ta Inugu da Lobi Stars da Enyimba ta Aba suka fito. Daga na biyu Akwa United ta Uyo da Kano Pillars da FC IfeanyiUbah. Makin da kowa ya tara a wata biyar aka share shi, aka koma sifili.

Manomi zai fi kowa gane nauyin wannan tsari. Ka share gona, ka yi shuka, ka yi noma da maimai, gero ya yi kai, sannan a ce ba za a ƙirga damin da ke rumbunka ba, sai abin da ka iya yanka cikin kwana tara.

Inda tsarin ya yi kaka-gida

A Ingila da Sifaniya, waɗanda wasanninsu ke cika gidajen kallo daga Birnin Kudu har Basirka, wanda ya fi maki a ƙarshen kaka shi ne zakara, babu wani ƙarin zagaye. Amurkawa kuwa sun gina wasanninsu a kan zagayen ƙarshe. A gasar NFL ta ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita kamar zari-ruga, ƙungiyoyi 32 ne, kowace tana buga wasa 17. Daga nan 14 su shiga sili-ɗaya-ƙwale, har a kai ga wasan ƙarshe da suke kira Super Bowl a watan Fabrairu.

A kakar 2007, lokacin wasannin suna 16, New England Patriots ta cinye dukkansu. New York Giants kuwa 10 ta ci, aka doke ta sau 6. Da suka haɗu a wasan ƙarshe a Fabrairun 2008, Giants ce ta yi nasara da maki 17 da 14, kuma cikin masu tsaron bayanta akwai Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Doguwar kaka tana auna ƙarfin ƙungiya da yawan gwanayenta. Gajeren zagaye yana auna wanda zai riƙe hankalinsa a mintin da jini ya hau. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kwana tara a Legas

An buɗe gasar 'yan shida a filin wasa na Agege ranar 4 ga Yuni, 2019, ranar ƙaramar Sallah. Pillars, ƙarƙashin mai horarwa Ibrahim Musa da kyaftin Rabiu Ali, ta je da ciwon da bai warke ba. Wata bakwai da 'yan kwanaki kafin nan, ranar 24 ga Oktoba, 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, ta zura wa Rangers ƙwallo uku ba ko ɗaya, Rangers ta farke duka ukun, sannan ta ɗauke kofin a bugun fenareti.

A Agege Masu Gida sun taka leda yadda ya kamata. Sun yi kunnen doki da Akwa United, sun doke FC IfeanyiUbah, sun kuma ci Enyimba biyu da nema. Saura wasa biyu, kofi na hannunsu in sun ci duka.

Ranar 10 ga Yuni suka sake haɗuwa da Rangers. Rabiu Ali ya ci ƙwallo da bugun tazara a zagaye na biyu. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba Rangers fenareti, aka farke, aka tashi ɗaya da ɗaya. Kyaftin ya tunkari alƙali cikin fushi, wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili, aka yi jifa, alƙalai suka nemi mafaka, duk a gaban kyamarar talabijin. Hukumar gudanar da gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 8, ta kuma dakatar da Rabiu Ali wasa 12.

Ranar 12 ga Yuni Pillars ta doke Lobi Stars, amma Enyimba ta lallasa Akwa United uku da nema. Enyimba maki 12, Pillars 11. Ƙungiyar da ba a doke ta ko sau ɗaya a Agege ba, wadda ta ci zakaran da kanta, ita ce ta dawo gida ta biyu. Da an riƙe waccan ƙwallo ɗaya na 'yan mintoci, maki 13 za a samu.

Har gobe za a yi ta musu a kan fenaretin, kuma musu haƙƙin mai kallo ne. Abin da ba ya bukatar musu shi ne hargitsin bai goge ƙwallon ba. Ya dai ƙara tara a kan rashi, ya jawo wa gwarzon ƙungiya hukunci, ya sa aka manta da kyawun wasan da aka buga aka koma zancen jifa.

Kaduna, 28 ga Yuli

Mako bakwai bayan haka Pillars ta sake kaiwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, wanda a lokacin ake kira kofin Aiteo. Abokiyar karawa Niger Tornadoes ce ta Minna, fili kuma na Ahmadu Bello a Kaduna. Aka tashi babu ci, aka tafi bugun fenareti, wurin da aka sha kashi a Asaba.

Babu inda ɗan wasa ke zama shi kaɗai kamar a wannan bugu. Daga tsakiyar fili yake takowa, mita 11 ne tsakanin ƙwallo da raga, dubban mutane na ihu, kuma ba wanda zai taya shi. Ƙafar da ta saba ci a wurin atisaye tana iya yin nauyi kamar turmi. A wannan yammacin Pillars ta ci 4, Tornadoes 3. Shi ne karon farko da ƙungiyar ta ɗauki wannan kofi, kuma rabon Kano da shi tun 1953, shekara 66 ke nan. 'Yan wasan da aka tsere musu a Asaba, aka ƙwace musu a Agege, su ne suka natsu a Kaduna.

Abin da ya rage mana

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara tabbatar da darasin. A 2022 Pillars, ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta faɗa ƙaramar gasa, a kakar da hukuncin tarzomar 'yan kallo ya ci mata maki. Sai a 2023 ta dawo. Jigawa Golden Stars, tamu ta gida, ta hau babbar gasa a 2019 ta sauko a 2021, tana buga wasanninta na gida a wajen jihar, nesa da mutanen da ya kamata su cika mata fili.

Wannan magana ta shafi filin makarantar firamare a Basirka kamar yadda ta shafi Agege. Gasar unguwanni da ake shiryawa da rani ko lokacin Sallah ita ma gajeren zagaye ce. Matasa sun yi karo-karo sun sayi riguna, sun yi watanni suna atisaye bayan sun taso daga gona ko kasuwa, sannan komai ya rataya a kan wasa ɗaya da busa ɗaya. Alƙalin kuwa sau da yawa malamin makaranta ne ko wani yayanmu da ya karɓi usur don kada wasa ya watse. Zai yi kuskure, domin mutum ne. In aka bi shi da jifa, baɗi ba wanda zai yarda ya riƙe usur, mai kuɗin da ya sa kofi zai janye, iyaye su hana 'ya'yansu zuwa fili.

Ina son yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan Real Madrid da Arsenal ya san labarin 2019 shi ma, domin nasa ne. Ya san cewa mutanen da ke magana da harshensa sun rasa kofin ƙasa da maki ɗaya ranar da fushi ya fi ƙarfinsu, sun kuma ɗauki wani bayan kwana 48 ranar da suka fi ƙarfin fushinsu. Ranar da aka ba abokan karawarsa fenareti a minti na ƙarshe, 'yan garinsu na bakin layi suna kiransa ya tare alƙali, ya tuna Agege, ya koma wurinsa ya jira a busa.